Kiɗan da Ya Tsere wa Ƙafa

Dervla Moroney ta shafe shekaru tana farautar makaɗan konsatina a faɗin duniya, kuma har aikin ya zo gangara babu wanda ya ce mata a'a sai mutum guda. Shi kuwa gidansa, in ka tsaya a ƙofar gidan da aka haife ta, kana hango hayaƙinsa a kan tudu.

Na nesa duk sun karɓe ta hannu bibbiyu. Wani tsohon Bazulu da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramin haƙar zinariya ya aiko mata da kiɗan da yake yi yana tafe, har ana jin takunsa a kan tsakuwa. Wata malamar makaranta a tsaunukan Bolibiya ta aiko da nata tana ta ba da haƙuri, wai zakara ya yi cara a tsakiya; Dervla ta mayar mata da amsa cewa duk wanda ya taɓa zakaran nan ita da shi ne. Akwai mai askin tumaki daga Ostareliya, akwai wasu tagwaye a Ingila da ba su san komai ba sai waƙoƙin matuƙan jirgin ruwa. Ba yare ɗaya, ba ƙasa ɗaya, amma dukkansu sun rungumi ɗan akwatin nan mai kusurwa shida, maɓallai dama da hagu, zugazugi a tsakiya, abin da ke numfashi tsakanin tafukan hannu kamar jariri. Sau da yawa takan sa kiɗan wani da ba ta taɓa gani ba, ta zauna tana zubar da hawaye, mahaifiyarta ta leƙo ta ce, "Yau kuma wa ya mutu?" Ta ce babu kowa, Mama, daɗi ne kawai.

Ta jera su duka a faifai ɗaya. Gurbin farko kaɗai ta bari fayau, don na Hanora Culligan ne.

Hanora ta rasu tun ba a haifi Dervla ba, da sauran ƙuruciyarta, ta bar miji da ɗa ƙarami. Amma a garinsu Kilfarna da duk yammacin gundumar Clare, babu yaron da zai ɗauki konsatina bai ji sunanta ba. Kaset ɗaya tak ta bari a duniya. Wani ɗan kawunta da ya zo hutu daga Amurka ne ya ɗauke ta da 'yar rikodarsa a kicin ɗinsu, tun wutar lantarki ba ta hau tudun ba. Ya koma da abinsa, sai bayan rasuwarta ya aiko da shi a matsayin ta'aziyya. Daga nan aka yi ta kwafa, wannan ya ba wancan, har ya zama kowane gida akwai shi. Abin da ke ciki kuwa ya isa a yi magana. Takan fara da sauri, ta ƙara, ta kuma ƙarawa, kafin ƙarshe yatsunta sun zama kamar ƙanƙara a kan kwanon rufi. Walƙiya ake kiranta.

Dervla tana 'yar ƙarama ta fara jin ta, a cikin motar babanta. Ta ce a tsaya, ta fita ta tsugunna a bakin hanya, don ƙirjinta ya yi mata nauyin da ba ta san sunansa ba. Tun daga ranar take bin Walƙiya da gudu. Ta yi ta fama har yatsunta suka yi kanta, kuma duk gasar da ta taɓa ci, da saurin Hanora ta ci ta.

Ainihin kaset ɗin yana hannun ɗan nata, Colman, mai tuƙa motar madara. Ba musu ya kawo mata aro har gida.

"Ki kula da shi," in ji shi, yana jingine da ƙofar motarsa. "Muryarta tana can ƙarshe. Ita ke nan gare ni, ban da hoto ɗaya da ta rufe ido a ciki."

Kowa ya san wannan muryar. In kiɗan ya ƙare, sai a ji wata siririyar murya kamar ta budurwa, cikin dariya, ta ce, "Ya isa haka, Malachy, za ka tashi yaron."

"Ki sa abinki kawai," ya ci gaba. "Ni ne ɗanta, ni zan sa hannu. Wa zai kai ki ƙara, shanu?"

"Mijinta yana raye, Colman."

"Yana raye ƙwarai kuwa, yana hana kowa sakat. Kin san ko a bikina da aka sa kaset ɗin nan tashi ya yi ya fita? Ya je ya tsaya cikin ruwan sama kamar jaki."

"Ban sa kiɗan kowa ba sai da yardar wanda ya fi kusa da shi. Sai a kan naku zan fara sata?"

"To Allah ya ba da sa'a. Ki tafi da laima, don ruwan bakin tsohon nan ya fi na sama."

Kamfanin da zai buga faifan ya riga ya fara ƙorafi. In ba ta miƙa kafin watan ya mutu ba, sai baɗi, in ma da rabo. Ita kuwa ta san faifan nan ba Hanora gangar jiki ce ba kai.

Mutanen gari sun daɗe da yanke wa Malachy Culligan, mijin Hanora, hukunci. Kaɗan sun ce baƙin ciki ne ya hana shi jin kiɗan. Mafi yawa sun ce kishi ne: ya auri mace wadda sunanta ya fi nasa, ya kasa haɗiyewa tana raye, ya kasa haɗiyewa tana kabari. Dervla, wadda ta karanta littattafan soyayya fiye da abin da ke da amfani ga lafiya, ta zaɓi na farkon. Duk tsawon hawan tudun tana tsara jawabi a zuci, mai ratsa jiki, a kan ƙauna da mutuwa da yadda kiɗa ke fin ƙarfin kabari. Ta tabbata sai ya yi kuka.

Da hantsi ta same shi a kicin, dogon tsoho da ya fara ranƙwafawa, sandarsa a rataye a bayan kujera, wuta na ci a murhu duk da ba a shiga sanyi sosai ba.

"A'a, 'yar gidan Moroney," ya ce. "Mai kiɗa kamar an biyo ta da kare. Shigo ki rufe mini ƙofa, ba a fili aka haife ki ba."

Ya zuba mata shayi, ya turo mata burodi da man shanu. Ta gyara zama, ta ja numfashi, ta fara: "Baba Malachy, ƙauna irin taku, ko mutuwa..."

"Sukari fa?"

"Na'am?"

"Kina sha da sukari ko ba kya sha?"

Jawabin ya watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Sai kawai ta faɗa masa abin da ya kawo ta, tiryan-tiryan: faifan, da mutanen da ke ciki, da gurbin da ta bari.

"Duniya ce za ta ji ta, Baba."

"Ta ji wa?"

"Hanora."

"Babu Hanora a cikin wancan abin. Rina ce aka toshe a kwalba." Ya kurɓi shayinsa. "Kin taɓa rawa?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Kaɗan-kaɗan. Shi ya sa. Ku yaran yanzu kujeru kuke wa kiɗa, mutane su zauna su tafa muku. Hanora ƙafa take wa kiɗa. Idonta ba ya barin ƙafar mai rawa, ko gidan zai kama da wuta. Tun ranar da na fara takawa a gabanta har Allah ya karɓi abinsa, ba ta taɓa tsere wa ƙafata ba ko da taki ɗaya. A zamaninmu, makaɗin da ya ƙara sauri ana tsakiyar rawa, karɓe akwatin ake yi a ba shi shayi, a ce ya huta. Abin kunya ne, 'yar nan. Sai ga shi kun ɗauki abin kunyar kun liƙa wa matata, har kun raɗa mata suna da shi. Walƙiya! Yanzu kuma kina so in sa hannu a kai wa Zulu su ma su ji."

"Amma Baba, ai kaset ba ya ƙarya."

"To ni ne maƙaryacin. An daɗe ana faɗa." Ya ajiye kofin da ƙarfi. "Na faɗa tun ranar da aka fara sa mini shi. Aka ce baƙin ciki ne ya toshe mini kunne. Na sake faɗa, aka ce kishi. Sai na ja bakina na yi shiru, na bar su da rinarsu."

Ita ce ta zo ta sa shi kuka, sai ga shi ita ce idonta ya ciko. Ba don ya ƙi ba kawai. Abin da ta fi ƙauna a duniya ne aka kira rina a kwalba, kuma wanda ya fi kowa iko da shi ne ya kira shi haka. Ta sunkuyar da kai tana juya cokali a kofin da babu sukari.

Tsohon ya dube ta.

"Kin san me?" ya ce, muryarsa ta sauko. "Duk garin nan, ke kaɗai kika taɓa hawowa ki tambaye ni. Sauran kwafa kawai suka yi." Ya dafa tebur ya miƙe. "Kina son Hanora? Ga abin da ya rage."

A jikin bango, gefen murhu, akwai 'yar tagar nan da matan zamanin baya suke ajiye gishiri da ganyen shayi da konsatina don kada raɓa ta kama su. Ya zura hannu ya ciro wani ƙunshi a cikin tsohon gyale, ya ɗora mata a cinya.

Ta kwance shi. Ɗan akwati ne mai arha, fentinsa ya koɗe daidai inda tafin hannu ke zama. Ta zura hannuwanta cikin maɗaurin fatar da ya bushe, ta ji kamar ta yi musabaha da matacciya. Zugazugin yana yoyon iska, amma bai mutu ba. Ta ɗora yatsa a kan maɓallin da ke buɗe kiɗan farko na kaset ɗin, ta ja a hankali.

Sautin ya fito, mai kauri, mai ɗan dishi-dishi, mai ɗumi.

Dervla ta daskare.

Ta san sautin farko na kaset ɗin nan fiye da yadda ta san sunanta. Wannan ba shi ba ne. Yana ƙasa da shi. Ta danna na gaba, ta danna na gabansa. Duk suna ƙasa. Tun tana yarinya ake cewa akwatin Hanora na musamman ne, an ɗaga masa murya sama da na kowa, shi ya sa in za ka bi kaset ɗin sai ka murɗa yatsunka ta wata hanya. Ga akwatin a cinyarta, ba wani na musamman a tare da shi. Kuma harsunan ƙarfen da ke cikin konsatina ba sa tsufa su sauko haka; yadda aka ƙera su haka suke kuka har su karye.

"Baba, tana da wani ne ban da wannan?"

"Wani? Mu da sai da muka sayar da maraƙi kafin mu mallaki wannan?"

"Rikodar ɗan Amurkan nan fa... da batir take aiki?"

"Da me za ta yi, da madara? Yini ya yi yana yawo da ita, ya ɗauki kukan shanu, ya ɗauki Fadan coci, ya ɗauki duk wanda ya yi tari a garin nan. Kafin ya iso nan da yamma sai bubbuga ta yake yi kamar mai lallashin agogo."

Sai abin ya faɗo mata gaba ɗaya. Batirin ya yi sanyi. Lokacin da ake ɗaukar kiɗan, zaren kaset ɗin yana jan jiki ne a hankali. Da aka sa shi a rikoda mai lafiya, dole komai ya ruga da gudu, kowace murya ta sirance. Kuma batirin yana ƙara mutuwa, zaren yana ƙara jinkiri, shi ya sa in ana saurare saurin yake ta ƙaruwa har ƙarshe. Ba Hanora ce take ƙara wuta ba.

Ba ta faɗa masa ba, don tana tsoron ta ɗaga masa rai a banza. Ta roƙe shi kawai ya bar ta ta ɗauki kukan kowane maɓalli a wayarta.

"Ka ba ni 'yan kwanaki, Baba. In na dawo ka ce a'a, ba zan ƙara damun ka ba."

"Ki tafi da a'ar tun yanzu mana, kada ki wahalar da takalmi."

Amma ya bar ta ta ɗauka, har ya riƙe mata wayar.

Kwanakin da suka biyo baya a ɗakinta ta yi su, ita da kwamfuta. Aikin kamar tsifar kai ne: ta ɗauki guntun kiɗan, ta sassauta shi kaɗan-kaɗan har sautinsa ya zauna daram a kan sautin akwatin gaskiya, ta matsa gaba ta sake, don kowane guntu da irin gudunsa. Tana yi tana ji kamar da hannunta take shaƙe Walƙiya. Yarinyar nan da ta tsugunna a bakin hanya, me ta ji ke nan? Batirin wani ɗan Amurka? Yatsun da ta yi wa kanta, da kofunan gasar da ke jere a kan kabad, duk a bayan rikoda mai ciwo take ta gudu? Sau biyu ta ɗauki waya za ta kira Colman ta ce ya zo ya sa hannu a wuce wurin. Babu wanda zai sani. Duniya ma Walƙiyar za ta fi so.

Ranar da ta gama, ta sa shi daga farko, ta jingina da kujera. Zuciyarta ta faɗi. Kiɗa ne kawai, irin na kowace tsohuwa, yana tafe a natse kamar mai dawowa daga rijiya. Ba abin da zai sa a tsayar da mota.

Sai ta jiyo wani ƙwas-ƙwas daga kicin. Ta leƙa. Mahaifiyarta ce, da tsumman goge kwano a hannu, tana wanke-wanke tana takawa, dunduniya da yatsa, ba ta ma san tana yi ba.

"Wane ne wannan kika sa?" ta tambaya ba ta juyo ba. "Wannan ya iya. Ba irin masu gudun nan naku ba."

Dervla ta koma ta sake saurare, wannan karon da ƙafarta a ƙasa. Sai ta ji abin da ke tsakanin sautukan: wani ɗan fili da Hanora ke barin wa mai rawa, daidai inda zai ɗaga, daidai inda zai sauka. Ta kuma ji wani abin. Ƙarar nan da ke bayan kiɗan, wadda kowa ya ɗauka lalacewar kaset ce, yanzu ta rabu ɗaya-ɗaya. Takun ƙafa ne a kan dutse.

Ranar Lahadi bayan an taso coci ta hau tudun, ta kuma roƙi Colman ya zo. Ana yayyafi. Ta ɗora 'yar lasifikarta a kan tebur tsakanin tukunyar shayi da man shanu.

"In rinar nan ce, ni fita zan yi," in ji Malachy. Bai jira amsa ba ya ɗauki hularsa da sandarsa ya nufi ƙofa.

"Kin gani ko?" in ji Colman. "Na gaya miki. Baba, ka ɗauki kwat aƙalla."

Ta danna.

Hannun tsohon yana kan sakata kiɗan ya fara. Bai juyo ba. Ya tsaya a nan, bayansa gare su, kamar wanda aka kira sunansa daga nesa bai tabbata ba. Dervla ba fuskarsa take nema ba. Ta koyi darasinta, ƙafarsa take kallo. Dunduniyar dama ta ɗaga kaɗan, ta sauka. Ta sake ɗagawa.

Ya juyo a hankali, ya tako zuwa gaban murhu, inda faffaɗan dutsen nan yake, wanda kakansa ya binne tukunyar ƙarfe a ƙarƙashinsa don ya riƙa amsa wa masu rawa. Ya jingine sandar, ya kama bayan kujera da hannu ɗaya. Jikin ba ya iya abin da ya iya da, gwiwa ta ƙi, amma daga idon sawu zuwa ƙasa saurayi ne. Dutsen ya amsa da wani amo mai zurfi. Takun da ke cikin lasifika da takun da ke cikin ɗakin suka faɗi wuri ɗaya, ba ka iya raba su, har kiɗan ya kai ƙarshe bai tsere masa ba ko da taki ɗaya.

Sannan muryar ta zo. Ba siririya ba, ba ta budurwa ba. Muryar cikakkiyar mace ce, mai kauri, da ɗan dishi irin na akwatinta, dariyar ma gajeriya: "Ya isa haka, Malachy, za ka tashi yaron."

Tsohon ya zauna a kujerar, ya cire hular ya rufe fuskarsa da ita.

Dervla ta juya wajen Colman da murmushi cikin hawaye, tana jiran ta ga irin nata a fuskarsa. Ba ta gani ba. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Wace ce wannan?" ya ce.

"Uwarka," in ji Malachy daga cikin hula.

"Ba ita ba ce. Mama muryarta ba haka take ba. Na san muryar Mama." Ya juyo kan Dervla. "Me kika yi mata? Aro na ba ki, na ce ki kula da shi. Me kika yi mata?"

"Colman, ban taɓa kaset ɗinka ba, yana nan yadda yake. Batirin rikodar ne..."

Bai tsaya ji ba. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya je ya tsaya a tsakar gida, hannuwa cikin aljihu, ruwa na sauka a kansa.

Sai a lokacin ta gane abin da ba ta lissafa ba duk kwanakin nan. Ta mayar wa mutum ɗaya matarsa, ta ƙwace wa ɗaya uwar da ya sani. Yaron da aka bari bai iya magana sosai ba, da wannan siririyar muryar ya girma, ita yake sawa a motar madara in hanya ta yi tsawo. Ta miƙe za ta bi shi.

"Bar shi," in ji Malachy, yana goge ido da hular. "Gadon gida ne, tsayuwa a ruwa. Miƙo mini sandar nan."

Ta taga ta gan su. Tsohon ya lallaɓa ya je ya tsaya kusa da ɗansa, ba su kalli juna ba, dukkansu suna kallon shanu a gangare. Ba ta jin abin da suke faɗa, in ma suna faɗar wani abu. Ta ga tsohon ya nuna wani wuri can wajen rijiya da sandarsa, ya daɗe yana magana. Ta ga Colman ya sa bayan hannu ya share fuska, ko ruwan sama ne ko waninsa. Shayin ya huce, ta zubar ta ɗora wani.

Da suka shigo, a jiƙe sharkaf, Colman bai kalle ta ba. Ya ja kujera kusa da lasifikar.

"Sake sa ƙarshen."

Ta sa. Ya ce ta sake. Ta sake.

"Kamar ta gaji," ya ce can ƙasa-ƙasa.

"Ba dole ba?" in ji uban. "Ta tatsi shanu, ta gasa burodi, ta ciyar da ɗan Amurka mai ci kamar fara, kai kuma kana haƙori ka yi kwana da kwanaki ba ka bar kowa ya runtsa ba. Da kyar ta samu ka yi barci, ni kuma na ce sai ta yi mini kiɗa."

"Ni duk tsawon nan na ɗauka wasa take yi maka."

"Wasa? Da na ƙara taki ɗaya da akwatin za ta jefe ni."

Colman ya yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ɗago ya dubi Dervla.

"Ki maido mini da kaset ɗina yadda na ba ki. Kada ki gyara shi."

"Yana cikin jakata."

"Wannan da kika gyara ɗin ma... ki ba ni."

Ta gyaɗa kai. Ta ciro takardar yardar daga jaka ta ajiye a gefen tebur. Malachy ya jawo ta, ya nisanta ta da ido, ya kusanto ta, ya karɓi biro.

"Wannan za ki sa, ba rinar ba."

"Wannan, Baba."

"Garin nan ba za su gode miki ba, kin sani. Kin kashe musu Walƙiya. Har kofunanki za su ce ki maido."

"Na sani."

"Kuma ban yarda in ga wannan sunan ko a bayan faifan ba. Hanora Culligan, shi ke nan." Ya sunkuya zai sa hannu, sai ya dakata, ya ɗago da wani ƙyalli a idonsa. "Zulun nan naki, kin ce ana jin takunsa. An rubuta sunansa?"

"An rubuta."

"To ki rubuta a ƙasan nata, da ƙananan baƙaƙe, ba na son fahariya: ƙafafu, Malachy Culligan."

Ya sa hannu.